Hoton Narkakken Dutse: Abin Da Waya Ke Nuna Maka Da Abin Da Take Ɓoyewa

Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna a filinmu na ilimi na wannan mako. Mun sa shi a takarda domin wanda shirin ya wuce shi yana daji da bisashe, ko yana jiran takardu a bakin iyaka, ya samu ya karanta ko a karanta masa.

Maganar daga zangon Kossodo ta taso, nan Wagadugu. Masu sauraro da dama, daga masu hada-hadar shanu a wajen mayanka har yaran manyan motoci, sun turo mana bidiyo iri ɗaya da ke yawo a WhatsApp: wuta ja wur tana gangarowa daga dutse kamar kunu, tana cin itatuwa da gidaje, ga kuma mutum tsaye kamar zai taɓa ta da hannu yana ɗaukar hoto. Tambayoyinku huɗu ne. Abin nan gaskiya ne ko haɗi ne? In gaskiya ne, ya aka yi mai hoton bai ƙone ba? Zai iya faruwa a ƙasarmu? In kuma fatauci ko kiwo ya kai mutum inda ake irin wannan, ya tsaya ya ɗauka shi ma?

Abin gaskiya ne, yana faruwa. Sai dai hoto wutar kawai yake nuna maka. Abubuwan da suka fi kashe mutane a wajen dutse mai aman wuta, yawancinsu ba sa fitowa a hoto. Bari mu bi maganar daki-daki.

Wace irin wuta ce wannan?

Abin da kake gani yana gudu ɗin nan, dutse ne ya narke. Can ƙarƙashin ƙasa, nisan kilomita masu yawa, akwai wuraren da zafi ya kai dutse ya yi ruwa-ruwa. In ya samu tsaga sai ya hauro, iskar da ke cikinsa tana turo shi, kamar yadda lemon kwalba ke tumbatsa in ka girgiza shi ka buɗe. Da ya fito fili ya kama gangara, shi ne ake ce wa narkakken dutse.

Don ka gane zafinsa, auna shi da abin da ka sani. Ruwan shayi a digiri 100 yake tafasa. Masu zubin tukwanen alminiyon suna narka shi a wajen digiri 660. Masu zubin tagulla na unguwar Niogsin kuwa, sai sun zuga wuta ta doshi digiri 1,000 kafin tagullar ta yi ruwa. To irin narkakken dutsen nan mai gudu ja, da zafin digiri 1,000 zuwa 1,200 yake fitowa. Ka tuna yadda fuskarka ke yi in ka leƙa 'yar tukunyar mai zubi wadda ba ta fi ƙwarya ba, sannan ka ƙiyasta kogi guda nasa mai faɗin filin ƙwallo.

Kuma kada ganin yana gudu ya sa ka ɗauke shi kamar ruwa. Nauyin dutse ne da shi. Abin da ya tarar, gini ne ko mota, ko ya ture ko ya binne. Da ya sha iska, samansa kan yi baƙin ɓawo cikin 'yan mintoci, kamar yanar da kunu ke yi in ya fara hucewa. Cikinsa kuwa yana nan da zafinsa, makonni, inda ya yi kauri ma har watanni. Ka riƙe maganar ɓawon nan, za mu dawo kanta.

Yadda masu sana'ar ke ɗaukar hoton

Mafi yawan hotunan da kake gani kamar an ɗauke su dab da wuta, daga nesa aka ɗauke su. Masu sana'ar suna da dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, irin wanda kake gani a hannun 'yan jarida a bakin filin ƙwallo. Gilashin nan yana matse tazara. Mutumin da ke tsaye mita 200 daga wuta, in aka ɗauke shi daga can baya da irin wannan gilashi, sai ka gan shi kamar wutar na lasar rigarsa. Kai ma ka san irin wannan a daji: ka hango dutse kamar ga shi nan bayan ruga, ka yi tafiyar yini ba ka isa gindinsa ba. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Sai maganar lokaci. Da rana tsaka narkakken dutse yakan fito baƙi-baƙi ko toka-toka a hoto. Jan nan mai ɗaukar ido, da magariba ko da asuba ake samunsa. Shi ya sa mai hoto yakan kafa kyamararsa bisa ƙafafu uku a kan tudu, ya zauna jiran rana ta faɗi. Hotunan da ake leƙa bakin ramin daga sama kuwa, yawanci aikin ɗan jirgin nan ne maras matuƙi da ake sarrafawa daga ƙasa. A ƙasar Aisilan, a aman da aka yi a 2021, an ga irin waɗannan jirage da zafi ya narkar, wasu ma suka faɗa ciki. Mai jirgin ya yi asarar kuɗi, amma ya koma gida da ƙafafunsa.

Akwai waɗanda kan matsa kusa da gaske, masana masu ɗibar samfur da 'yan tsirarun masu hoto. Su ma ba haka kawai suke tashi su tafi ba. Sai sun ji ta bakin ofishin da ke sa ido kan dutsen, mai na'urorin auna girgizar ƙasa da iska. Suna tsayawa ta ɓangaren da iska ke busowa, hayaƙi ya yi gaba ya bar su. Suna tsayawa a gefe kuma a tudu, ba sa shan gaban wutar, ba sa shiga kwari. Da hular kwano a ka saboda duwatsun da ke faɗowa daga sama, da takunkumi mai tace hayaƙin farar wuta, da takalmi mai kauri, da tufafin auduga, domin yadi mai leda-leda narkewa yake ya manne a fata. Kafin su ɗaga kyamara sun riga sun san ta inda za su gudu. Kuma sukan ajiye mutum guda wanda ba ya komai sai kallon dutsen, saboda wanda idonsa ke cikin kyamara ba ya ganin abin da ke zuwa ta gefe. Kai ma ai ba ka sunkuyawa shan ruwa a mashaya ka bar garke babu mai duba bayansa.

Sana'ar ta ci gwanayenta

Maurice Krafft da matarsa Katia Faransawa ne, masana duwatsu. Sun shafe fiye da shekara 20 suna zagaya duniya suna ɗaukar aman wuta a hoto da fim, da wuya a zamaninsu a samu wanda ya fi su sanin abin. Ran 3 ga Yuni 1991 suna gindin dutsen Unzen a Japan, kusa da inda 'yan jarida suka yi dandazo suna jiran hoto, wajen kilomita 4 daga ƙololuwa. Abin da ya sauko musu daban yake da kogin wuta mai rarrafe. Guguwa ce ta toka mai zafi da iskar gas da tsakuwa, tana bin gangara da gudun da ya fi na mota a kan kwalta, zafinta ɗaruruwan digiri. Mutum 43 suka mutu, har da su biyun. Cikin mamatan akwai direbobin tasi da suka kawo 'yan jaridar, da 'yan kwana-kwana, da 'yan sanda da suka shiga saboda akwai mutane a yankin da aka ce kowa ya fita. Direba, ka ji wannan da kyau: wanda ya ɗauke ka shata zuwa wurin haɗari, da kai za a raba haɗarin, hoton kuma nasa ne.

A Amurka ma, ran 18 ga Mayu 1980, dutsen St. Helens ya fashe ta gefe, ya kashe mutum 57. Reid Blackburn, mai ɗaukar hoton jarida, yana kilomita 13 daga dutsen, nisan da aka zaci ba komai. Cikin motarsa aka same shi, toka ta binne ta har tagogi. Wani mai hoton, Robert Landsburg, da ya ga ba tsira, ya ƙarasa ɗauka, ya naɗe fim ɗinsa, ya sa kyamarar a jaka ya kwanta a kanta. Hotunan sun fito, an buga su, shi bai gan su ba.

Abin lura a nan shi ne duwatsun nan ba halinsu ɗaya ba. Wani zubarwa yake a hankali, wani fashewa yake, wani kuma yau ya yi wannan gobe ya yi wancan. Baƙo ba ya iya bambance su da ido.

Waɗanda ke bisa hanyoyin fatauci

Mafi kusa da mu a cikin masu rai shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, garin Buea na jikinsa. Masu kai kaya kudancin Kamaru, da masu bin jirgin ruwa tsakanin Kalaba da Limbe ko Idenau, ta gindinsa suke wucewa. Ya yi aman wuta a 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. Na 1999 ya fara a ƙarshen watan Maris. Narkakken dutsen ya yi ta rarrafowa wajen teku, ya ci daji da gonakin kwakwar manja, a tsakiyar Afrilu ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, ya tsaya kaɗan kafin ya kai ruwa. An kwashe mutanen ƙauyen kafin ya iso. Tudun baƙin dutsen da ya bari ya fi gida tsayi, dole aka karkatar da hanya ta zagaye shi, kuma yana nan har yau.

Haka aka yi a tsibirin Fogo na ƙasar Kap Ber, cikin teku yamma da Dakar. Ran 23 ga Nuwamba 2014 dutsen ya buɗe, ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira a hankali. Mutane suka ji gargaɗi, suka kwashe kaya da dabbobi suka fita. An yi asarar gidaje da gonaki, ba a rasa rai ba.

Irin waɗannan masu rarrafe su ke sa mutane su raina abin, su ce ai ko tsoho da sanda zai tsere masa. To ga Nyiragongo, a gabashin Kwango, bisa garin Goma. Goma garin iyaka ne kamar Sinkase ko Gaya, kullum dubban ƙananan 'yan kasuwa na tsallakawa tsakaninsa da Gisenyi ta Ruwanda. Narkakken dutsen Nyiragongo tsinkakke ne ƙwarai. Ran 10 ga Janairu 1977 jikin dutsen ya tsage, abin ya zubo da gudun da ya kai kilomita 60 a awa, ya rutsa da ƙauyuka. Ran 17 ga Janairu 2002 ya ratsa tsakiyar Goma har cikin tafkin Kivu, ya rufe wani sashe na filin jirgin sama, dubban ɗaruruwan mutane suka gudu Ruwanda. Bayan 'yan kwanaki, wani gidan mai da ke gefen dutsen da bai huce ba ya fashe, ya kashe mutane da dama da suka je ɗibar fetur, ko esansi kamar yadda muke cewa. Masu safarar mai a jarka da kwalabe, wannan taku ce.

Ran 22 ga Mayu 2021 ya sake yi. Wannan karon ya tsaya a bakin gari, amma ya datse babbar hanyar da ta yi arewa wajen Rutshuru. Mutum 32 aka ƙirga sun mutu. Wasu a haɗarin mota wajen gudu. Wasu kuma sun zo tsallake baƙin ɓawon nan da ƙafa bayan wuta ta lafa, hayaƙin da ke fita daga cikinsa ya shaƙe su. Ga ido hanya ce baƙa ta kwanta lafiya lau.

Iskar da ba ta fitowa a hoto

Makiyaya, a nan ne za ku kasa kunne, domin babbar masifar da dutse mai aman wuta ya taɓa jawo wa yankinmu, ba a ga ko tartsatsin wuta ba a cikinta.

A arewa maso yammacin Kamaru, wajen Wum, ba nisa da iyakar Najeriya, akwai tafkin Nyos. Tsohon bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, zurfinsa wajen mita 200. Daga ƙarƙashinsa wata iska ke tsatsowa, iskar kabon, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Shekara da shekaru tana taruwa a ruwan ƙasa, nauyin ruwan sama ya danne ta kamar murfi. Daren 21 ga Agusta 1986 murfin ya buɗe. Iskar ta taso gaba ɗaya, kuma da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka tana gangara kamar ambaliya, har nisan kilomita 25. Ta shiga ƙauyukan Nyos da Cha da Subum mutane na barci ko suna shirin kwanciya. An ƙirga mutum 1,746 da suka mutu, da dabbobi wajen 3,500. Ƙasar kiwo ce, akwai rugagen Fulani da yawa a wurin. Waɗanda suka fara isa sun tarar da shanu kwance a makiyaya babu rauni a jikinsu, ko ƙuda babu a kan mushen, domin ƙudajen ma sun mutu. Gidaje na tsaye, itatuwa na tsaye. Mafi yawan waɗanda suka tsira, waɗanda ke bisa tudu ne.

Shekara 2 kafin wannan, ran 15 ga Agusta 1984, tafkin Monoun da ke wajen Foumbot ya yi irin haka, ya kashe mutum 37. An ruwaito cewa wata mota ɗauke da mutum 12 ta shiga cikin iskar da asuba, inji ya mutu. Waɗanda suka sauko duba abin da ya faru suka faɗi nan take. Mutum 2 da ke zaune can bisa motar su ne suka rayu. Tazarar da ke tsakanin rai da mutuwa a ranar, tsayin mota ne kawai.

Tun 2001 aka kafa bututu a tsakiyar Nyos yana fitar da iskar a hankali, aka ƙara wasu a 2011, an yi wa Monoun ma haka. A Goma kuwa iskar nan tana tsatsowa daga ƙasa kullum, tana kwanciya a ramuka da ƙananan kwaruruka. Mazuku suke ce mata. Yara da awaki ta fi kamawa, saboda hancinsu ya fi kusa da ƙasa.

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu in ka duba. Tsofaffin masu haƙar rijiya kan zura fitila da igiya kafin mutum ya sauka, in ta mutu ba mai shiga. Masu haƙar zinariya ma sun san ramin da mutum ke sauka ya kasa fitowa, wanda ya bi shi ceto shi ma ya zauna. Dokar ɗaya ce. Iskar kabon ba ta da launi, yawanci ba ka jin warinta, rawani ko takunkumi ba ya tare ta, ko irin na masu hoton nan mai tace hayaƙi. Alamunta su ne za ka riƙe. In kana ƙasar duwatsun nan ka ga tsuntsaye ko ɓeraye ko ƙadangaru matattu a kwari, ko fitila da wutar girki sun mutu babu iska, ko injin babur ya ɗauke haka kawai, ko tunkiya ta faɗi babu ciwo, ko kai da kanka ka ji jiri da ciwon kai numfashi na yi maka sama-sama, to ka nufi tudu nan take. Kada ka sunkuya, kada ka zauna hutawa, kada ka koma kwarin ɗauko dabba.

Toka da bisashe

Tokar dutse mai aman wuta sunan toka kawai ta ara. Ba irin ta murhu ba ce. Niƙaƙƙen dutse ne da ɓarɓashin gilashi. In ta shiga ido ka murza, ta kankare shi, sai dai a wanke da ruwa. Tana cin gilashin kyamara da fuskar waya, tana toshe matatar iskar mota, in ruwan sama ya jiƙa ta bisa rufin kwano nauyinta na iya rusa ɗaki.

Ga dabba kuwa ta fi haka. Tana rufe ciyawa, dabba ta ci ta haɗiya, haƙora su zaizaye, ciki ya cushe. Wata tokar kuma tana ɗauke da guba mai lalata ƙashi da haƙori. A Aisilan a 1783, aman Laki ya zuba irin wannan guba a makiyaya. Wajen rabin shanun ƙasar suka mutu, da mafi yawan tumaki, yunwar da ta biyo baya ta kashe kusan kashi 1 cikin 5 na mutane. A Tanzaniya akwai dutsen Ol Doinyo Lengai a ƙasar makiyayan Masai, wanda abin da yake amayarwa dangin kanwa ne, baƙi kamar taɓo, in ya kwana biyu ya koma fari. Zafinsa wajen digiri 500 zuwa 600 ne, da rana ba ya ko ja, mutum sai ya ɗauka laka ce. A 2007 da 2008 tokarsa ta lalata makiyaya ta tashi rugage. In toka ta sauka inda kake kiwo, a rufe rijiya da randuna, a kora garke inda ba ta kai ba, kada a jira a ga ko za su saba.

Ƙasarmu fa?

Ku kwantar da hankalinku. Babu dutse mai aman wuta mai rai a Burkina Faso. Ƙasar tana zaune bisa tsohon dutse da ya daɗe da hucewa, masana na ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan 2,000. Wani abin sha'awa, da yawa daga duwatsun da ake samun zinariya a cikinsu a ƙasar nan, asalinsu aman wuta ne na wancan zamani. Dutsen da ake fasawa a Pissy, wanda sai an ƙona tayoyi a kansa kafin ya tsage, shi ma narkakke ne da ya daskare a hankali can cikin ƙasa.

A maƙwabta akwai tsofaffin da suka yi shiru: tuddan Biu a jihar Borno da tafkin Tila, da na wajen Panyam da Kerang a Filato. A duwatsun Ayar akwai ruwan zafi na Tafadek arewa da Agadas. A Tibesti ta Cadi akwai Emi Koussi mai tsayin mita 3,415, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Sahara, da wani ƙaton rami mai farar kanwa a ƙasansa. Alhazai kuma, baƙaƙen duwatsun nan da kuke gani shimfiɗe a kewayen Madina, narkakken dutse ne da ya daskare. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, an yi aman wuta kudu maso gabas da birnin, ya yi makonni yana gudu, ya tsaya kafin ya iso.

Ba kuma duk hayaƙin da ya fito daga ƙasa ne aman wuta ba. A yankin tafkin Faguibine, yamma da Tumbutu, an daɗe ana ganin ƙasa na hayaƙi da ramuka masu zafi, har wasu suka zaci dutse ne ke shirin tashi. Binciken da aka buga a 2003 ya nuna ruɓaɓɓen ciyayi ne na tsohon tafki, da ya bushe ya kama ci a ƙarƙashin ƙasa. Ko da yake ba dutse ba ne, irin wannan wuri ba a kora garke ta kansa, domin ƙasar na iya burmawa da ƙafar dabba.

Saboda haka in an turo maka bidiyo an ce ga dutse ya fashe a gari kaza kusa da ku, kada ka yi saurin turawa gaba. Duba lambar motocin da ke ciki, da rubutun allunan shaguna, da harshen da mutane ke yi, da irin itatuwan wurin. Sau da yawa tsohon bidiyon wata ƙasa ne aka sauya wa suna, yanzu kuma har da waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira. Labarin ƙarya irin wannan yana iya watsa kasuwa ya karya farashin dabba a yini guda, mai saye da arha kuwa yana gefe yana jira.

In hanya ta kai ka

To ga amsar tambaya ta huɗu. In kana Buea ko Limbe ko Goma abin ya tashi, hotonka ka ɗauke shi daga inda hukuma ta tsayar da jama'a. In jandarma ya sa shinge, iyakarka ke nan, ba irin shingen da ake zagayewa ta hanyar daji ba ne. Wayarka ba ta da dogon gilashi, in ka ce sai ka samu irin hoton da ka gani, da ƙafarka za ka biya tazarar. Wayar ma da kanta takan ɗauke in zafi ya yi yawa.

Kada ka juya wa wutar baya don ka ɗauki kanka da ita. Kada ka taka baƙin ɓawo ko da ka ga wasu na takawa, kada ka kora dabba ko ka tura babur ta kansa don rage hanya. Ka nisanci inda narkakken dutse ke cin daji, domin iskar da ke taruwa ƙarƙashin ciyayi kan fashe ta watso duwatsu. Ka nisanci inda yake shiga ruwa, farin tururin nan yana ƙona ido da huhu. A Hawai ta Amurka, a watan Yulin 2018, wani curin dutse mai zafi ya tashi daga irin wannan wuri ya huda rufin jirgin ruwan 'yan kallo, mutum 23 suka ji rauni. Motar da ke ɗauke da mai ko gas, a fitar da ita tun da wuri. Wurin kwana kuma, da kai da bisashe, a nemi tudu.

In an ce a tashi, a tashi tun hanya na buɗe. Mutanen Fogo da na Bakingili da suka ji magana sun rasa gidaje da gonaki, amma suna nan suna ba da labari. A bar rediyo a kunne, a riƙe takardun shaida da na dabbobi wuri guda, a tambayi 'yan gari ta ina suke bi in dutsen ya motsa, domin su suka san halinsa.

Nan muka kawo ƙarshen taƙaitawar wannan mako. Wanda ya taɓa bi ta Bakingili ya ga tudun baƙin dutsen nan da idonsa, ko wanda danginsa suka yi kiwo a wajen Wum a shekarar Nyos, muna so mu ji daga bakinsa a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya kiyaye dukiya, ya kai kowa gida lafiya.